Ba Ƙazanta Ba Ce

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aiki lafiya. Jikin yaronmu ya sake rikicewa, ga tari, ga farin abu a baki. Tun ranar da kika ce a gaban Inna da baƙi ƙazantar uwarsa ce, matata ba ta zauna ba. Har mariƙin ƙofa take wankewa, hannunta duk ya tsage. Ni ma na yi mata faɗa, tunda ke ce mai aiki a ɗakin bincike. Ga takardar gwajin asibiti, ni ban gane komai ba.

Ƙaninki

Ƙanina,

Ina amsawa, ya mai jiki? Na karanta takardar, kuma wallahi kunya ta hana ni cin abinci.

Bari in yi maka dalla-dalla. A bayan ƙashin ƙirjin jariri akwai wata 'yar tsoka, taimos. Can ƙwayoyin T, masu yaƙi da cuta, suke zuwa suna ƙanana don su girma. Kowace tana da wani ɗan abu a bayan fatarta, kamar kunne, da take jin umarnin ta rayu ta hayayyafa. Na ɗanka ba su da wannan kunnen, sai su mutu tun ba su ƙosa ba. Shi ya sa kowace cuta take kayar da shi. Gado ne, rabi daga uwarsa, rabi daga gare ka, wato daga gidanmu.

A kan wannan tsokar nake aiki kullum. Amma na shigo ɗakinku, na ga kwano ɗaya ba a wanke ba, na saki baki. Akwai magani, dashen ɓargo, kuma zan zo a gwada nawa. Ka ba matarka haƙuri a madadina, ni ba ni da idon kallonta.

Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Ƙaninki ya karanta mini wasiƙarki. Likita ya ce wankin nan da nake yi ne ya riƙe yaron har yau, don haka zan ci gaba. Na gode da batun ɓargo.

Haƙurin kuma kada ki aiko shi a takarda. Inna har yanzu ba ta cin abin da na dafa. Idan kin zo, ki faɗa a falon nan, da muryar da kika faɗi wancan.

Ki huta lafiya,
Matar ƙaninki