Mintuna Goma Sha Ɗayan da Baba Yake Tsallakewa

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya sauƙaƙa miki karatu da aikin asibitin. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana kaiwa bakin titi ba sanda. Ni kuwa tun da na karɓo takardar digirina na nemi aiki wuri tara. Biyu sun amsa, duka da a'a. Mama ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni dai ina nan ina hura wuta.

Yaya, na yi wani kuskure, kuma gara ki ji daga bakina. Kin ce in nuna wa 'ya'yanki tsohon fim ɗin waƙoƙin da Baba yake saka mana muna yara, na iyalin mai gyaran agogo. Kaset ɗin ya yi funfuna, sai na samo fim ɗin a waya na haɗa da talabijin. Ni da nake karanta takardar magani sau biyu kafin in sha, ban kalle shi ni kaɗai tukuna ba, don na ɗauka na haddace shi. Ranar Asabar da ƙarfe biyu da minti goma muka zauna a falo. 'Yarki Tsuntsuwa tana ta tsalle a kan kujera tana bin waƙoƙin da kalmomin da ta ƙirƙira, Gimbiya kuwa ta naɗe hannu kamar mai duba jarrabawa.

Kin tuna bayan waƙar kan rufin gida Baba yakan tashi ya tura kaset gaba, ya ce wurin ya lalace? Yaya, wurin lafiyarsa ƙalau. Daga minti na arba'in da ɗaya zuwa na hamsin da biyu, uwar yaran tana haɗa akwati, ta tafi tashar jirgin ƙasa, ƙaramarsu tana riƙe da rigarta har jirgin ya tashi. Shekara da shekaru muna zaton kasuwa matar nan ta je, muna dariyar yadda suke kuka da ta dawo.

Kafin in lalubo abin tsayarwa, Gimbiya ta riga ta gani. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinki ta rungume, sannan ta tambaye ni ko matar za ta dawo. Na duba, na ce mata a minti na tamanin da takwas. Daga nan ba fim take kallo ba, lambobin ƙasan allo take kallo. Da uwar ta shigo aka yi waƙar ƙarshe, sai ta juyo ta tambaye ni mu a minti na nawa muke. Ni kuwa ban san ranar dawowarki ba, kuma kin san ba na faɗin abin da ban tabbatar ba.

Da na tambayi Baba dalilin tsallake wurin, ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce shekarar da ya sayi kaset ɗin Mama ta yi wata huɗu a asibiti bayan haihuwata, ke kuma kina da shekara bakwai, daidai Gimbiya yanzu. Ya ce shi kansa a lokacin bai san ƙarshen nasa labarin ba. Mama ta ce ashe kaset ɗin tsohon nan garau yake, zuciyarsa ce ta lalace a wurin. Suka yi dariya, amma na ga ta kai bakin zane ido.

To Yaya, ga roƙona. Ki tambayi makarantarku ainihin ranar kammalawa, ki rubuto min, ko da wata ne kawai. Kada ki rage don lallashi. Yarinyar nan lissafi take yi. Na sayi kalanda na rataye daidai tsayinta, biro yana hannunta.

Baba da Mama suna sa miki albarka. Baban yara yana gaishe ki. Ki gaishe min da Gwaggo da maigidanta, Allah ya saka musu da riƙonki. Tsuntsuwa ta aiko miki da waƙa, amma ba ta rubutuwa. Gimbiya ta ce in gaya miki in kin dawo za ku kalla tare, kuma ba za a tura gaba ba.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Auta