Rijiya Huɗu Cikin Arba'in

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yaran duka. Yaya jikin 'yarki 'Yar Baba? Ciwon cikin ya lafa kuwa?

Yaya, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Kin san wata uku ke nan da aka ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin ruwa. An ba ni kwalabe daga rijiyoyi arba'in na ɓangarenku in auna gubar dalma a ciki. Ƙa'ida ita ce kada ta wuce goma. Na jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, kamar yadda aka koya mana a makaranta. Talatin da shida suna tsakanin biyu da huɗu. Sauran huɗun kuwa: arba'in, hamsin da biyar, sittin, saba'in da ɗaya. Dukansu a bayan tsohuwar masana'antar batir suke. Ta saba'in da ɗayan ita ce ta bakin layinku.

Na kai wa shugaban sashenmu. Ya tara lambobin, ya raba gida arba'in, ya samu takwas da ɗoriya, ya ce ai ba mu kai goma ba. Na ce ranka ya daɗe, a duba tazarar da ke tsakanin biyu da saba'in da ɗaya. Wannan kamar a haɗa tsawon Baba da na jaririnki ne, a raba biyu, a ɗinka musu riga iri ɗaya. Ya yi dariya har da tafa mini, ya ce in je zai duba.

Kafin ya duba, don Allah ku daina shan ruwan nan.

Naki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mai jiki. Saƙonki ya iso, na karanta a tsaye a bakin ƙofar ofis, na kasa shiga.

Kin tambaya ko tafasawa za ta yi magani. Ba za ta yi ba, Yaya. Kin ce famfon da ya fi kusa tafiyar awa guda ce, ga goyo, ga mara lafiya, maigidan kuma ya ce ruwan garau yake, ni ne boko ya ruɗa. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ido ba na ganin komai a kwalbar.

Na sake awon sau biyu, bai canza ba. Shugaba ya ce waɗannan huɗun bare ne a cikin jerin, wataƙila kwalaben ne ba su wanku ba, a cire su. Da aka cire, matsakaicin ya dawo uku. Ya ce in ga yadda lambobin suka kwanta luf. Na roƙa a sa huɗun ko a shafin baya ne. Ya yarda. Da rahoton ya fito daga wurin bugawa, babu shafin.

Jiya ya kira ni, ya ajiye takardar shaidar gwajin a gabana tare da biro, in sa hannu. Ya tuna mini har yanzu ba a tabbatar da ni a aikin ba, ya tambayi lafiyar matata, ya ce ya ji ta kusa haihuwa. Na daɗe ina kallon biron.

Mako mai zuwa za a liƙa takarda a bakin kowace rijiya, har da taku, cewa an gwada ruwan kuma yana da kyau. Maƙwabtanki za su karanta su yi hamdala. Ki gaya wa duk wanda zai saurara kada ya yarda, ko da yake na san takarda mai hatimi za su bi, ba bakinki ba. Idan kin duba sa hannun da ke ƙasanta za ki gane rubutun, ke kika riƙe mini hannu na koye shi.

Ki shafa mini kan 'Yar Baba. Ban ce ki yafe mini ba.

Ƙaninki,
Auta