Jakin Jita da Ƙaron Baba

Litinin, 15 ga Afrilu

Muntaka, shugaban ƙungiyar kiɗanmu, ya faɗa min a gaban kowa: mai ya yi tsada, mota ɗaya za mu riƙa ɗauka, dole a rage mutum ɗaya. Wai piyanon abokin kiɗanmu Sabo ma tana yin kukan jita. Bikin Asabar a Bici shi ne gwajina. In wayoyin jitata suka sake kwancewa a tsakiyar waƙa, shi ke nan. Na yi dariyar yaƙe. Kiɗan nan ne ke ciyar da gidana har damina ta faɗi.

Talata, 16 ga Afrilu

Na je Kano wurin Basiru mai gyaran kayan kiɗa. Ya nuna min jaki iri biyu, wato ƙarfen da wayoyi ke hawa a cikin jita. Ɗaya mai kusoshi shida, yana zaune daram. Ɗaya mai ƙafa biyu, yana lilo tsakanin jan wayoyi da jan sifirin na baya. Ya ce, "Ɗanliti, ɗauki mai shida, ya fi haƙuri." Na ɗauki mai lilo. Da shi ne in ka danna liba, ɗan hannun ƙarfen da ke jikinsa, jita ke kuka kamar goge, kuma kukan nan ne piyano ba ta iya ba. Me zan yi da haƙuri?

Laraba, 17 ga Afrilu

Na ɗaura. Na ƙara sifirin ya zama uku, na ja, na sassauta, har jakin ya daidaita da jikin jita. In na danna liba na saki, waya ta uku ba ta komawa inda take. Sau tara ina gwadawa.

Na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. In gogensa ya ƙi magana, ƙaro yake goga wa tsirkiya ta kama. Na ɗauko ragowar ƙaronsa na cusa a tsagin ɗan farin ƙashin da ke wuyan jita, inda wayoyi ke bi, don su daina zamewa.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Abin ya ƙara lalacewa. Yanzu har waya ta biyu. Ko tuwo ban iya ci ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Matata Hure ta dakatar da keken ɗinkinta da hantsi, ta ce, "Baban Fadima, ka ji wannan ƙis ɗin in ka murɗa kunnen jitar? Wayar maƙalewa take yi, ba zamewa ba. Ni zarena in ya maƙale a hanya, ɗinki tattarewa yake. Hanyar ake gyarawa ya wuce."

Na ce mata ta ji da zarenta, gidanmu tun kakana ake kiɗa. Na faɗa da ƙarfi, har Fadima ta daina wasa. Hure ta koma kan ɗinkinta.

Bayan masallaci, da ta shiga maƙwabta, na kasa kunne na murɗa kunnen jitar. Ƙis. Na kankare ƙaron da tsinke, na wanke tsagin, na goga bakin fensir a ciki har ya yi baƙi yana sulɓi. Na danna liba har ƙasa, na saki. Wayar ta dawo daidai. Sau ashirin, ta dawo. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bici, da la'asar, zafi kamar a toya ƙwai. Waƙa uku ban taɓa liba ba, tsoro. Muntaka yana ta harara ta, Sabo kuma ya fara saka kukan jitarsa ta ƙarya. A waƙar amarya na ce ko a mutu ko a yi rai, na danna. Jitar ta yi kuka har mata suka rangaɗa guɗa. Na saki, na bugi wayoyin gaba ɗaya ina jiran abin kunya. Lafiya lau.

A mota Muntaka ya ce, "Sati mai zuwa Watari, kar ka makara. Wa ya gyara maka ita?"

Na ce Basiru.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ba wani abu. Na zaga gona, taki dai har yanzu sai kallo don tsada.

Na kira Muntaka kan lokacin tashi zuwa Watari, ko da yake ya riga ya faɗa min. A tsakar gida na yi wayar, don nan sabis ya fi kamawa. Kafin in kashe na ce, "Af, gyaran nan ba Basiru ba ne. Mai ɗakina ce ta gano shi." Ya yi ta dariya, wai sai a ba ta kujerata a mota.

Keken ɗinkin Hure ya tsaya a ɗaki. Can kuma ya ci gaba.