Bangon Ɗakin Malam

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan kalau muke, ni ne dai na tafka abin kunya, kuma gara ki ji daga bakina.

Kin san tun rasuwar ƙanenmu Malam, 'yarsa Auta take shiga ɗakinsa da gwangwanayen fentina. Ran nan na leƙa, sai na ga bango biyu masu fuskantar juna sun cika da ɗige-ɗige, wannan shuɗi, wancan rawaya. Na ce a raina baƙin ciki zai taɓa yarinyar nan. Da ta tafi makaranta na ɗauko samfefa, takardar nan mai kaushi, na goge bangon shuɗin tas, na gaji, na bar na rawayan, na shafe duka biyun da fari. Ni a dole na yi gwaninta, har da tsayawa a ƙofa ina jiran godiya!

Ko kuka ba ta yi ba, Yaya. Ta ce babanta da yake koyar da kimiyya ya gaya mata akwai wasu ƙwayoyin zarra ƙanana ƙwarai, waɗanda in biyu suka taɓa haɗuwa, ko an raba su nesa, da ka duba ɗaya ka san halin ɗayar. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya dangwala babban yatsansa a rawaya ya manna a bango, ita ta manna shuɗi a ɗaya bangon. Bayan rasuwarsa kullum sai ta ƙara biyu, nata da nasa. Shekara talatin ina fentin gidajen mutane, amma ban iya tambayar 'yar ƙanena me take zanawa ba. Tun ranar ta daina ce mini Baffa, har ta ce za ta rubuto miki ta koma wajenki.

Mako biyu ke nan ina kankare farin da ke bangon rawayan da reza, kaɗan-kaɗan. Shekaranjiya na kai ga wani rawaya can ƙasa, daidai inda gadonsa yake, da layukan babban yatsansa a jiki. Na kira ta, ta ɗora yatsanta a kai ta daɗe. Na ce mata nata shuɗin kam na goge, ba zai dawo ba. Ta ce ba komai Baffa, tunda an ga nasa ai an san nata. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

In takardarta ta iso, don Allah ki jinkirta amsa, ki ba ni wata guda. Ki gaida maigidan da tagwayenki da ɗanki Likita. Uwar yara na gaishe ki.

Ƙanenki,
Mai Fenti