Tsayuwar Innarki

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidanki da yara? Tela ne ke rubuta mini, na kuma hana shi ƙara gishiri.

Layinmu ya zama wurin kallo. Baƙi na zuwa cin abincin ƙasashe, suna ɗaukar hoton dutsen washina kamar ba su taɓa ganin wuƙa ba. Yanzu wata mai zane tana zana mutanen layin na zamanin da a bangon tsohon gidan burodi. Ni ke faɗa mata kamanninsu, don duk wanda ya taɓa yanka albasa a layin nan, ni na wasa masa wuƙa. Na ba ta mai burodin da ya zo daga ƙetaren teku, har girarsa da wuta ta lashe. Na ba ta badukun da muka tsufa muna hira ba mai jin yaren wani.

Saura gurbin innarki, Allah ya jiƙanta. Na rufe ido, Auta, fuskarta ta ƙi zuwa. Kin san ba ta taɓa yarda da hoto ba. Ƙarshen wata mai zanen za ta sauke tsaninta. Ki zo ta dube ki.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na yi kuka da na karanta. Amma Baba, kowa ya san kai na ɗauko, har hancin. In aka zana ni, kai za a gani da ɗankwali.

Tun rasuwarta ban iya taka layin nan ba. Ɗakinka na nan a gidanmu, kullum sai na share. Ka bar wa bango mutanensa ka taho.

Taka,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Hancin dai haƙuri za ki yi, ni ma gadonsa na yi.

Ba fuskarki nake nema ba. Na tuna wani abu: in innarki ta tsaya ciniki, sai ta riƙe ƙugu da hannun hagu, ta karkace kai, ta yi shiru har mai kaya ya rage da kansa. Ke kaɗai kika ɗauko wannan. Na gwada wa mai zanen da jikina, tela ya yi dariya har ya soke yatsa. Ta ce za ta zana ta ta baya, tana fuskantar teburin mai kifi.

Zancen tashi kuwa, in na tafi, wa zai gaya wa baƙi su waye a bangon? Ba inda za ni ban ga innarki ta koma cikin mutanenta ba. Bayan nan ma yi magana.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ina tafe ranar Asabar, da babbar jaka wadda ba komai a ciki, saboda maganar da ka ce ma yi.

Ka ce wa mai kifi ya tsawwala kuɗi, don in daɗe a tsaye.

Taka,
Auta