Littafin Ɗibbun Malam da Idon Inna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Daga Shafa'atu ɗiyar Malam, a Illela, zuwa ga ƙanenta Ma'aruf, mai neman ilimi a Agadas. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da malamanka, ya tsare ku daga cuta da sharrin hanya, ya sanya albarka cikin karatunka. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya cika rumbu biyu, wake ne kaɗai tsutsa ta ɓata a gonarmu ta Darna. Ƙanwarmu Jamilatu ta sauka lafiya cikin watan Safar, ta sami ɗa namiji, an mayar masa da sunan Malam. Jaɓɓo, aminin Malam na rugar Garu, ya tsufa ƙwarai, amma bai fasa aiko mana da nono duk Juma'a ba. Makaranta tana nan da ranta: maigidana yana riƙe da maza a zaure, ni kuma ina tare da mata a cikin gida bayan azahar.

Bayan haka, takardarka ta iso hannuna tare da ayarin Madugu Arzika. Ka rubuto da Larabci mai ƙawa, na kuwa fahimce shi sarai, don malamin da ya koya maka shi ne ya koya mini. Amma ni da ajami zan ba ka amsa, da Hausar da aka yi maka goyo da ita, don kada ka fake a bayan wata kalma. Ma'aruf, raina a ɓace yake da kai, ɓacin da ban taɓa yin irinsa da wani mahaluki ba. Kwana tara na yi ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, ina jiran zuciya ta huce. Ba ta huce ba, ayari kuwa ba zai jira ni ba.

Ka tuna ranar da za ka tafi, shekara bakwai ke nan, bayan sadakar arba'in ɗin Malam. Ka tsuguna gaban Inna ka roƙi a ba ka aron littafin ɗibbu, na magunguna, mai jar fatar nan. Ka ce za ka kwafe shi a can inda takarda ke da sauƙin samu, ka maido cikin shekara guda. Ni ce na hana, na ce a bar shi gida, Inna ta ce in ƙyale ka, ɗan'uwa rabin jiki ne. Da hannuna na sa maka shi cikin gafaka. Yau ga shi ka rubuto, cikin layi biyu kamar mai ba da labarin musayar akuya, wai ka ba wani attajiri Bagadamashe, mutumin Gadamas ta bayan hamada, littafin, shi kuma ya ba ka wani sharhi na manɗiƙi, ilimin tsara hujja, wanda babu irinsa a Agadas. Har ka ƙara da cewa kada mu damu, ɗibbu ilimin wanzamai ne da ungozomai, hisabi na masu awo ne a kasuwa, waƙar ajami ta mata ce masu daka, malami na gaskiya da nahawu da balaga da manɗiƙi ake saninsa.

To, ina tambayarka, kai da ka sauke littattafan fiƙihu: a wane babi aka halatta wa mutum ya musanya abin aro? Littafin nan gado ne da ba a raba ba. Akwai haƙƙin Inna a ciki, akwai nawa, akwai na Jamilatu. Wa ka shawarta cikinmu? Kuma ba littafin kasuwa ba ne da za a sami wani. Malam ya kwafe shi da hannunsa a Sakkwato tun yana saurayi, sannan ya yi shekara arba'in yana cika gefen shafuka da jar tawada: wannan na gwada ya yi, wannan na gwada bai yi ba, wannan itacen ba ya fita a ƙasarmu ga abin da ke maye gurbinsa. Abin da ya ji wurin Fulani, da wanda ya ji wurin Buzaye, da wanda tsofaffin mata suka faɗa masa, duk yana nan. Shi ka miƙa wa baƙo ya ƙetare hamada da shi. An ce wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, amma kai ba naka ka ƙona ba, namu ne duka.

Fannonin nan da ka raina, da su garin nan yake tsaye. Bara da ƙanen Jaɓɓo ya rasu, magadansa goma sha ɗaya suka zo zaure kowa da sanda a kafaɗa, saura kaɗan a zubar da jini kan garke. Da hisabin Malam maigidana ya raba musu shanun, har maraƙi, suka tashi suna musafaha. Da Sarkin Kasuwa ya rasa yadda zai yi da masu mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, gidan nan ya aiko aka yanke masa mudu na gaskiya. Waƙar masu daka kuwa, da ita matan Illela da na Gidan Katta suka san farillan alwala da hukuncin idda, waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba. Kai kanka a bayan Inna ka fara jin sunayen Annabawa, tana daka tana rerawa. Malam ya fi ka nahawu, ka sani, amma ban taɓa jin ya kira wani ilimi ƙarami ba. Cewa yake ilimi kamar gida ne, ba a zama cikin zaure kaɗai.

Yanzu ka saurari abin da ban so faɗa maka ba. Ƙarshen daminar nan ciwon ido ya shigo gari tare da ƙudaje. Ya fara da yara, ido ya yi ja, ya kumbura, kwantsa ta liƙe shi. Mata suka yi ta zuwa da 'ya'yansu ƙofarmu, don sun saba gidan Malam ne ake zuwa. Na wanke wa waɗanda zan iya da ruwan bagaruwa, da yawa suka sami sauƙi. Sai ya kama Inna, ya kuwa kama ta da ƙarfi, kwana shida ba ta iya buɗe ido ta dubi haske. Ka san Malam yana da haɗi na musamman don irin wannan, wanda ya sa cikin waƙa don mu riƙe: tozali, da zuma, da ruwan bagaruwa, da alif, farin dutsen nan mai ɗaure baki. Waƙar ta ce alif uku. Amma uku na mi? Nauyin ƙwayar gero uku, ko dawa, ko wake? Wannan ba ya cikin waƙa, yana gefen shafi da jar tawada. Ina ganin shafin a idon zuciyata, har ɗigon man da ya ɓata kusurwarsa, amma kalmar ta ƙi zuwa.

Na aika wurin wanzamin Darna, ya ce shi tsaga ya sani, bai san awo ba. Jaɓɓo ya zo da kansa a kan jaki, ya ce ya sha ganin Malam yana haɗawa, amma bai taɓa kula da ma'auni ba. Inna kuwa tana ta juyi, tana cewa in sa mata ko mi ne ne, ta yarda da hannuna. Na tuna Malam yakan ajiye wake cikin ɗan ma'auninsa na tagulla, sai na auna da wake. Na ɗiga mata a idon hagu, wanda ya fi tsanani. Ma'aruf, ƙarar da Inna ta yi ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Matar da ta haifi takwas, ta binne biyar, ba a taɓa jin muryarta ba. Na wanke da ruwa, na wanke da nono, ban kuskura na taɓa na dama ba. Na daman ya warke da kansa bayan mako biyu. Na hagun ya yi fari fat, ba ta ganin ko hasken rana da shi.

Na san abin da za ka ce, ƙaddara ce. Ni ma na yi imani da ƙaddara, ba sai ka koya mini ba. Mai yiwuwa ciwon ne ya ci idon, ko da ban sa kome ba. Mai yiwuwa kuma hannuna ne. Ban sani ba, kuma ba ni da hanyar sani, don amsar tana cikin jakar wani Bagadamashe. Kullum in na kai mata fura ta juyo da fuska gaba ɗaya don ta gan ni, sai in ji kamar an soke ni. Tun ranar ban sake haɗa wa kowa magani ba. Mata suna zuwa ina sallamarsu da addu'a, suna fita suna mamakin abin da ya sami gidan Malam.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba roƙo ba ne, umarnin yayarka ne. Arzika ya shaida mini fataken Gadamas ba sa barin Agadas sai sanyi ya ja baya. Ka je wurin mutumin nan, ka mayar masa da sharhinsa, ka karɓo littafinmu. In ya ƙi, ka zauna a ƙofarsa ka kwafe shi, uwar rubutun da gefen shafuka, kada ka bar ko ɗigo na jar tawadar. Na sayar da zanen saƙina guda biyu na saya maka takarda, tana cikin ƙunshin da Arzika zai ba ka, don kada ka ce babu. In kuwa ya riga ya tashi, ka bi shi. Ƙafar da ta kai ka Agadas neman manɗiƙi za ta iya kai ka gaba. Kuma kafin kome, ka buɗe babin ido ka rubuto mini kalma ɗaya: gero, ko dawa, ko wake. Ko wacce ce zan iya ɗauka. Rashin sanin ne ba na iyawa.

Ban cire ka daga zuciyata ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na goye ka lokacin da Inna ke jinya, ni na fara kama hannunka a kan allo. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo haka.

Ka gaishe mini da Kawu Maliki da mutanen gidansa, Allah ya saka masa da riƙon da yake yi maka. Ka gaishe da matarka Hawwa, ka ce na gode da turaren da ta aiko. Maigidana yana gaishe ka, da Jamilatu da mijinta Lauwali, da ɗiyata Halimatu Sadiya wadda ta kai izu arba'in. Jaɓɓo ya ce in gaishe ka, bai ƙara kome a kai ba.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Ta hana ni faɗa maka zancen idonta, wai kada hankalinka ya rabu da karatu, na saɓa mata. Ita kuma ba ta san zancen littafin ba. Sau uku tana sa ni in fassara mata takardarka, sau uku ina tsallake layukan nan biyu, tana murmushi tana cewa ɗanta ya zama malami. Na gaji da tsallake. Amsar da za ka aiko, a gabanta zan buɗe ta, in karanta mata tun daga bisimilla har wassalamu, ba zan ɓoye ko harafi ba. Sai ka san abin da za ka rubuta.

Wassalamu. Yayarka, Shafa'atu.