Gobara a Gonar Kirfa

Yen Bai, wata na uku

Zuwa ga Yaya Lieu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Taiwan. Kakanninmu su tsare ki, su sauƙaƙa miki aiki. Inna tana nan lafiya, sai gwiwa da ke motsawa duk lokacin da sanyi ya dawo. 'Yarki Pham ta kamo kafaɗata a tsawo, kuma ta ce in gaya miki takalman da kika aiko sun matse ta, ki daina auna ƙafarta da hoton bara.

Bazarar bana ta ƙi zama wuri ɗaya. Da safe hazo ya rufe kwari, da rana iskar Laos ta sauko da zafi kamar bakin murhu, da yamma kowa ya nemi rigar sanyi. Kawu Choi ya ce sama ta koyi halin matarsa, ba ka sanin da wace fuska za ta tashi. Ita kuwa ta ce masa ko ta haɗa hadari ba ta taɓa kashe masa kabeji ba, ya je ya yi wa sama tsiya in ya isa.

Yaya, akwai dalilin da ya sa na rubuto maimakon in faɗa a waya, don duk lokacin da muke magana Inna tana gefe. Ranar sharar kaburbura na taho daga gari, muka hau dutse zuwa kabarin Baba. Muka nome ciyawa, muka ƙara ƙasa, muka ajiye kaza da shinkafa mai launi. Ni ne ɗa namiji, ni na kunna wa takardun kuɗin matattu wuta. Sun ci rabi ke nan sai iska ta juya. Na ga ta juya, kuma gorar ruwa tana hannuna. Amma kin san ba a kashe wannan wuta sai ta cinye, in ba haka ba mamaci ya karɓi yagaggen kuɗi. Ni da nake yi wa Inna dariya a kan irin wannan, na tsaya ina jira kada Baba ya ji kunya a can. Takarda ɗaya ta tashi da wutarta, ta faɗa cikin busasshen ganye a gefen gonarki ta kirfa.

Mun bi ta da ɗanyen reshe, mutanen ƙauye suka hauro da adduna, amma iska ta fi mu sauri. Kwarin nan gaba ɗaya ya ɗauki ƙanshin kirfa, har yau ba na iya shan romon da aka saka ta. Can sai sama ta yi baƙi, ƙanƙara ta zubo manya kamar ƙwan kaza, ita ta kashe wutar. Kashi biyu cikin uku na itatuwan da kika dasa shekarar da aka haifi Pham sun ƙone. Na sa wuƙa na gwada, ɓawon ya manne da itace, ba zai ɓaru ba. Na gangaren rafi sun tsira. Kututturan za su iya tohowa, amma sai an yi shekaru.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dai ce kada wanda ya gaya miki, in kuma kin ji a bakin wani a ce ƙanƙara ce ta kakkarya 'yan rassa. Ta ce in kin sani za ki sake sa hannu a kwantiragin aikinki na can, ita kuma ba ta da wasu shekaru uku na ajiya. Ta ce ku bar yarinyata ta sauka daga mota tukuna, wanda ya shigo gida ba ya komawa. Na tashi na fita, ta ɗauka na yarda.

Na auna maganar ta kowane gefe. Kin ce za ki ajiye aiki ki dawo a wata na takwas, ki ɓare kirfa ki riƙe karatun Pham da ita. Wannan kirfar yanzu babu ita, kuma ƙarshen watan nan za a tambaye ki ko za ki zauna. Na ƙona miki gona, ba zan ƙara da barin ki ki yanke shawara a makance ba. Rabona na filin bayan gida naki ne, na kuma fara dashe duk ƙarshen mako, sai dai ba zan ce miki hakan ya isa ba. In kin dawo, za mu yi ƙoƙari tare. In kin zauna, ba ke kika hana Inna ganinki ba, ni ne.

Kawu Choi da matarsa suna gaishe ki, haka Pham da matata Ghen. Ki gaida Nay 'yar ƙauyenmu in kun haɗu. Inna ba ta san na rubuto ba. Da na fito daga gidan waya zan hau dutse zuwa ƙauye in gaya mata da bakina, don tun makon jiya ta fara shanya bargunan ɗakinki.

Ƙaninki,
Ban Ton Senh